Ajiyar Kyaftin

AUTA: Halo? Yaya? Salamu alaikum!

YAYA: Wa alaikumus salam. Auta ce?

AUTA: To da wace ce? Ka goge lambata ne? Tsaya, ina cikin sito, kwalayen magani sun tare ko'ina, bari in matsa bakin taga. Yauwa. Kana ji na yanzu?

YAYA: Ina jin ki.

AUTA: Ina wuni, Yaya?

YAYA: Lafiya lau. Ya aiki?

AUTA: Da godiya. Tun safe ban zauna ba, duk garin nan mura suke yi. Ya gida? Ya Anti?

YAYA: Lafiya lau. Ta fita kasuwa.

AUTA: Yara fa?

YAYA: Suna makaranta. Ya maigidan naki?

AUTA: Yana nan, sai ƙiba yake yi. Ya Mama? Ya gwiwar?

YAYA: Da sauƙi. Tana kwance a ɗaki.

AUTA: Tana shan maganin da na aiko? Ba na shafawa ba, na sha.

YAYA: Tana sha.

AUTA: Madalla. Ya shago? Agogo na shigowa?

YAYA: Ban fita ba yau.

AUTA: Ba ka fito da me ba?

YAYA: Ban fita shago ba, na ce.

AUTA: Au, hutu ka ba kanka? Gara ma haka, don labarin nan sai kana zaune. Yaya! Ka gani? Ka ga sabon tallan?

YAYA: Wane talla?

AUTA: Na gem ɗin Mai Fitila mana! Da safen nan kamfanin suka saki. Wallahi a bayan kanta na tsaya ina kallo, wata mata tana ta ce min, "Baiwar Allah, maganin tari," ni ko ina can tsakiyar teku. Yaya, ruwan nan har kumfa yake yi! Ka tuna a tsohon gem ɗin, ruwa layi-layi ne shuɗi yana ɗan motsi? Yanzu har kifi ake gani a ƙasa. Kuma duk a gem ɗin hannu, ba tibi, ba wayoyi, ka riƙe abinka kamar littafi. Ƙarshen shekara zai fito. Na riga na ce wa mai shagon gem ya ajiye min ɗaya, ko hannuna zan sayar.

YAYA: Uhm.

AUTA: "Uhm" kawai? Kai da ka fi kowa zumuɗi? To tsaya ka ji babbar. Maganar nan da ake ta yi a gurup ɗinmu na masu gem a waya ta tabbata. Za su fito da ɗan akwatin da ake soka tsohon kaset a ciki, ya kwashe ajiyar wasan da ke kai, daidai inda mutum ya tsaya, ya zuba a sabon. Ka gane? Ajiyar Kyaftin za ta koma cikin na hannu! Allah ya jiƙansa, da yana raye yau da ya cika unguwa da ihu. Mama ba sai ta riƙa zama a ƙasa tana manna hanci a tibi ba duk ran da ta ce a kunna mata ɗanta. Tana kwance a gado, ta riƙe shi a hannu, ta kawo shi kusa da ido ta kalla son ranta. Ni ina gani hawaye suka zo min, Madam mai kantin nan ta zaci wani ne ya rasu.

YAYA: Auta.

AUTA: Abin da ya rage, batirin kaset ɗin nan ya kai mu ƙarshen shekara. Ka kalli bidiyon da na turo maka? Na yadda ake canjawa?

YAYA: Na kalla.

AUTA: To yaushe za ka yi? Kar ka tsaya jan ƙafa fa. Ɗan batirin nan shi ke riƙe da komai, ran da ya mutu ajiyar ta tafi. Shugaban gurup ya ce nasa ya mutu yana cikin akwati, bai ma sani ba.

YAYA: Na yi.

AUTA: Ka yi? Kai, Yaya na kaina! Mai gyaran agogo ba wasa ba! Shi ne ba ka faɗa min ba?

YAYA: Auta, babu ita.

AUTA: Babu wa? Layin na yankewa. Babu me?

YAYA: Ajiyar. Ta goge.

AUTA: ...Halo?

YAYA: Ina nan.

AUTA: Ban ji ka da kyau ba. Sake faɗa.

YAYA: Kin ji ni. Ajiyar Kyaftin ta goge. Jiya da hantsi.

AUTA: A'a. A'a, Yaya, ba ta goge ba. Kaset ɗin nan dama haka yake yi, wani lokaci ya nuna fari, sai an cire an mayar. Ka hura shi? Cire shi ka hura!

YAYA: Na hura har kaina ya yi ciwo.

AUTA: Ka goge bakinsa da auduga? Ka ɗan karkata shi hagu, yadda Kyaftin yake yi?

YAYA: Gem ɗin yana tashi lafiya lau, Auta. Kiɗa yana tashi, fitila tana kamawa. Gurbin ajiya ne babu kowa a ciki. Inda sunansa yake, layi ne kawai a kwance.

AUTA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna lillahi. Tsaya in zauna. Ya aka yi? Ai bidiyon ya faɗa ƙarara! A bar gem ɗin a kunne, kaset na ciki, a cire tsohon batir a liƙa sabo. Muddin akwai wuta a jikinsa ba abin da zai goge. Kashe shi ka yi?

YAYA: Ban kashe ba.

AUTA: To ɗauke wuta aka yi? Yaya, kar ka ce min da wutar gari ka dogara! Kai fa babba ne!

YAYA: Ba wuta ma a lokacin. Ita na jira a ɗauke, don kar ta yaudare ni. Janareto na tayar, na cika shi da mai har baki. Na shimfiɗa farin ƙyalle a teburin falo, na jera kayan aikina kamar zan buɗe agogon zinare. Na kwance bayan kaset ɗin, na soka shi tsirara, na kunna. Ga Kyaftin nan tsaye a bakin ƙofar hasumiya, ruwa na zuba a kansa, yadda ya bar shi. Har na ce masa, "Yi haƙuri, yanzu za a gama."

AUTA: Sai me?

YAYA: Na narkar da dalma, na ɗaga tsohon batir. Yana kan ɗan hantsaki a hannuna. Na miƙa ɗaya hannun zan ɗauki sabo, sai tibi ya yi ƙif. Ya dawo.

AUTA: Janareton ne ya mutu?

YAYA: Wutar gari ce ta dawo. Aka ja makunnin canji daga janareto zuwa layi. Ƙiftawar ido ce, ko fanka ba ta tsaya ba.

AUTA: Aka ja? Wa ya ja? Ina zuwa, Madam! Ina zuwa! Wa ya ja, Yaya?

YAYA: Bar maganar.

AUTA: Ba zan bari ba. Anti ce ko? Na sani! Dama tun da ta shigo gidan nan take kiran gem ɗin nan tarkace. Sau nawa ta ce a kai shi sito don ta sa furen roba a wurin? Wallahi in na zo...

YAYA: Kama bakinki. Antinki tana tsaye a kaina, ita ke haska min tocila. Da ta ga abin da ya faru ita ta fara kuka, kafin ni.

AUTA: To yara?

YAYA: Suna makaranta. Da gangan na zaɓi lokacin.

AUTA: To wa ya rage a gidan? Ba kowa ai, sai... A'a.

YAYA: Mama ce.

AUTA: Yaya, a'a. Matar da ko banɗaki sai an riƙe ta?

YAYA: Kin san jan ƙwan lantarkin nan da na sa a baranda, mai kamawa in wutar gari ta dawo? Daga gadonta ana hango shi. Ta gani, ta kira, ba mu ji ba, ƙarar janareto. Sai ta sauko ta bi bango, tun daga ɗakinta har bakin kicin. Ta ja.

AUTA: Wayyo Allah.

YAYA: Muna nan tsaye kamar gumaka sai ga ta a ƙofar falo, tana haki, tana murmushi. Ta ce, "Kun ga yau na yi muku amfani. Wuta ta dawo kuna ta ƙona mai a banza." Rabon da in ga fuskarta haka tun kafin gwiwar nan ta kama ta.

AUTA: Me ka ce mata?

YAYA: Na ce sannu, Mama, Allah ya saka da alheri. Na tare tibin da bayana. Antinki ta riƙe ta ta mayar da ita ɗaki.

AUTA: Me ya sa ba ka faɗa mata tun farko kar ta taɓa ba?

YAYA: Ya za a yi ta zo min a rai? Na kulle ƙofar waje, na ɗaure wayar gem da ƙafar tebur, har kyanwa na kora. Kuma wa ya kafa dokar? Ni. Shekara da shekaru ina musu faɗa a gidan nan, duk wanda ya ga jan ƙwai ya kama ya ruga ya ja makunni, mai ba ruwan rijiya ba ne. Kowa ya haddace. Ita ma ta haddace.

AUTA: Ba ta sani ba ke nan.

YAYA: Ba ta sani ba. Kuma in kin kuskura...

AUTA: Ni mahaukaciya ce? In ce mata ita ta goge shi da hannunta? Ai ba za ta kwana ba.

YAYA: To.

AUTA: Ni ce, Yaya. Ni na matsa maka. Kullum saƙo, kullum bidiyo, "batir zai mutu, batir zai mutu." Amma ai da gaske ne, ko? Ai da ya mutu ko ba a taɓa shi ba. Ko?

YAYA: Kar ki tambaye ni wannan.

AUTA: Faɗa min.

YAYA: Na ɗora tsohon a mita daga baya. Hannuna ne ya yi da kansa, sabo da aiki.

AUTA: Ya nuna me?

YAYA: Da sauran ransa. Sosai ma. Da ya kai ƙarshen shekara, da ya kai wata shekarar. Halo? Auta?

AUTA: Ina nan. Hancina nake sharewa. Ka tambayi 'yan gurup? Akwai wanda ya ce yana da na'urar da ke tono abin da ya goge.

YAYA: Na tambaya. Ya ce wannan na waya ne da kwamfuta. Irin namu, in wuta ta bar shi, kamar an share allo da jiƙaƙƙen tsumma ne. Suka yi ta turo fuskar kuka, Shugaba ya ce Allah ya ba da haƙuri. Kafin in gama karantawa sun koma musu a kan ko sabon jirgin ruwan ya fi tsohon kyau. Na fita daga gurup ɗin.

AUTA: Jirginsa, Yaya. "Mama" ya sa wa jirgin.

YAYA: Na sani.

AUTA: Da koriyar hular nan mai muni da ya ƙi cirewa. Duk duniya ta sayi hular ƙarfe, shi ya ce tasa ta fi iska. Da jakarsa cike da tarkace, katantanwa, tsohuwar igiya, kofi mai huji. Ba ya yar da komai. In ka ce ya zubar ya sami wurin magani sai ya ce, "Ku ba ku san darajar kaya ba."

YAYA: Haka ɗakinsa yake ai.

AUTA: Ɗakin an ba mai haya. Kayan sawarsa an rabar. Wayarsa an sace a asibiti. Hotunan ma duk ya kauce, shi ke ɗauka. Wannan kaɗai ne abin da ya ajiye da hannunsa ya ce a jira shi.

YAYA: "Kar wanda ya shiga ƙofar nan sai na dawo. Tare za mu ga ƙarshe."

AUTA: Yana ɗaura takalmi yana faɗa, kamar awo zai je ya dawo. Ni ko a bidiyo ban taɓa kallon ƙarshen gem ɗin nan ba, ka sani? In aka turo a gurup sai in rufe ido in wuce. Tsohuwa da ni, da 'ya'ya. Na ce in sabon ya fito mu taru mu uku, ni da kai da Mama, a buɗe ƙofar da sunansa. Sai a ce ya gama.

YAYA: Ni ma abin da na sa a rai ke nan.

AUTA: Ina zuwa, Madam, don Allah! Rasuwa aka yi mana! ...Astagfirullah. Ka ji abin da na faɗa.

YAYA: Ba ki yi ƙarya ba sosai.

AUTA: Mama ta nemi a kunna mata tun jiya?

YAYA: Da yamma ta tambaya. Na ce tibi ya yi zafi. Da safe ta sake, na ce ina gyara wani abu. Ba na jin zan sami ƙarya ta uku.

AUTA: To ji nan. Ji nan, Yaya. Buɗe sabuwar ajiya. Rubuta sunansa. Ka buga daga farko har hasumiya, ka sayi koriyar hula, ka sa wa jirgi Mama, ka tsayar da shi a bakin ƙofa. Ido ba ta da shi sosai, ba za ta gane ba. Ni zan riƙa faɗa maka hanya ta waya, na haddace tsibiran nan kamar gidanmu.

YAYA: Wannan ba shi ba ne.

AUTA: Na san ba shi ba ne! Ni da kai mun sani! Don ita nake faɗa!

YAYA: Kar ki yi min ihu.

AUTA: Yi haƙuri. Amma ka ji ni. Ka rufe shago na ɗan lokaci, ka ce mata tibin yana wurin gyara...

YAYA: Ba zai yiwu ba, Auta.

AUTA: Don me? Girman kai ne?

YAYA: Lokacin da tibin ya yi ƙif, ƙarfen liƙi da zafinsa yana ajiye dab da hannuna. Na zabura na buge shi. Ya zame ya sauka a kan allon kaset ɗin, ya ƙone siririn layin da ke kai wutar batir. Ya ɗaye har ƙasa.

AUTA: To ka gyara mana! Aikinka ne!

YAYA: Tun jiya nake kai. Na ja waya mai sirantar gashi, na liƙa, na sake liƙawa. Ba ya riƙewa. Ni da nake zare ƙusar agogon mata ba tare da madubi ba, yau siririn layi ɗaya ya gagare ni. Kaset ɗin nan ba zai ƙara ajiye komai ba. Duk abin da aka buga, ana kashewa ya tafi.

AUTA: To a bar shi a kunne.

YAYA: A wane gari?

AUTA: ...To a sayi wani kaset ɗin. Wani a gurup zai sayar.

YAYA: Yanzu? Da aka ce za a kwashe ajiya zuwa sabo? Kowa ya rungume nasa kamar jariri. Wanda ma ya manta yana da shi ya tono.

AUTA: To sabon! Mu lallaɓa ta zuwa ƙarshen shekara. In na hannun ya fito sai mu buga a can, mu sa sunansa, mu ce mata ga shi an mayar da shi ciki. Ai dama abin da muka ce mata za a yi ke nan.

YAYA: Kin kalli tallan da kyau?

AUTA: Ka ce ba ka gani ba.

YAYA: Na gani. Tun da safe na gani. Kin kalli fuskar mai fitilar?

AUTA: Na gani, ya yi kyau, har gira gare shi, har...

YAYA: Har gira, har hanci, har murya. Wani saurayi ne can da ba mu san shi ba. Na tsohon ba shi da fuska, Auta. Ɗigo biyu ne ido, sai hula. Shi ya sa Mama take ganin ɗanta a ciki, don ba kowa a wurin. Ki miƙa mata wancan ki ce Kyaftin ne, za ta ce, "Wannan ɗan waye?"

AUTA: Ban yi wannan tunanin ba.

YAYA: Ni ma sai yau. Ko da ajiyar ta tsira, da baƙo za mu kai mata. Duk zumuɗin nan da muka yi, a kan abin da ba zai yi mata amfani ba ne. Da mun bar shi inda yake.

AUTA: Kar ka faɗi haka.

YAYA: Da mun bar shi, Auta. Yana tsaye abinsa, ba ya damun kowa.

AUTA: Zan ce wa mai shagon gem ya ba wani. Ba na so. Ko ganinsa ba na son yi.

YAYA: Ke kika sani.

AUTA: Wane kiɗa nake ji haka? Yaya, a kunne yake?

YAYA: A kunne yake.

AUTA: Wannan ai kiɗan farko ne. Na bakin teku.

YAYA: Ɗazu na zauna na ce bari in gwada abin da kika faɗa, tun kafin ki faɗa. Na rubuta sunansa harafi-harafi. Na danna. Na manta yadda gem ɗin yake farawa, Auta, rabona da farkonsa tun muna yara. Ga shi nan a ƙofar gida, ba hula, ba jaka, ba komai. Tsohuwar nan tana tsaye a bakin ƙofa ta miƙo masa fitila. Rubutu ya fito a ƙasa.

AUTA: Na tuna. Kar ka karanta.

YAYA: "Kyaftin, kar ka daɗe."

AUTA: Na ce kar ka karanta!

YAYA: Tun ɗazu nake zaune a gabansa. Na kasa dannawa ya wuce, na kasa kashewa.

AUTA: Kashe shi. Don Allah kashe, kiɗan nan zai kai ɗakinta.

YAYA: Na rage murya.

AUTA: Ni daga nan ina ji, ita ce ba za ta ji ba? Ido ne ba ta da shi, kunnenta ya fi naka. Kashe, Yaya!

YAYA: Tsaya.

AUTA: Me?

YAYA: Shiru. Ƙarar sandarta ce.

AUTA: Kashe! Zare wayar!

MAMA: Kai, Babba. Ashe an gyara tibin shi ne ba a kira ni ba?

YAYA: Mama! Ya kika taso ke kaɗai? Tsaya, tsaya in riƙe ki. Auta, kar ki kashe, na ajiye wayar a tebur.

MAMA: Ni da na je har kicin jiya? Ƙafa ta fara dawowa. Sakar min hannu, jawo min matashin nan. Wash! Yauwa. Matsa mana, ka tare min shi.

YAYA: Mama, ba a gama gyaran ba, bari in...

MAMA: Matsa, na ce. Ina yake? A'a. Yau ba ruwan sama?

YAYA: Babu.

MAMA: Ina dogon ginin nan da yake tsayawa? Wannan ai gida ne. Ga bishiya, ga randa. Babba, wannan ba gida ba ne?

YAYA: Gida ne, Mama.

MAMA: Ikon Allah. Ya dawo gida ke nan?

AUTA: Yaya! Yaya, ɗauki wayar!

MAMA: Muryar wa nake ji? Auta ce? Auta! Kina ji na? Ɗan'uwanki ya dawo gida!

AUTA: Na ji, Mama. Ina wuni?

MAMA: Lafiya lau, 'yar nan, lafiya lau. Yau kam lafiya lau. Shekara nawa yaron nan yana tsaye a cikin ruwa, kullum in na kalle shi sai in ce a raina sanyi zai kama shi, amma ban faɗa ba, kar ku ce tsufa ne. Ga shi har ya cire hular nan. Kai ka dawo da shi, Babba?

YAYA: Ni... ba ni ba ne.

MAMA: To da kansa ya zo. Wace ce wannan a bakin ƙofa? Tsohuwa ce?

YAYA: Tsohuwa ce.

MAMA: Uwarsa ce ke nan. Ga rubutu a ƙasa. Me take ce masa? Karanta min. Babba, da kai nake. Me ya sami idonka?

YAYA: Hayaƙin dalma ne.

MAMA: To karanta. Me ta ce?

YAYA: Cewa ta yi... sannu da zuwa.

MAMA: Ai kuwa. Ai kuwa sannu da zuwa. Sannu, Kyaftin. Ka sha hanya. Babba, kar a kashe tibin nan, ka ji ko? Kar kuma wanda ya sake fitar min da shi. A bar shi ya huta.

YAYA: To, Mama.

AUTA: Yaya? Ɗauki wayar. Yaya, ka ɗauka? In aka ɗauke wuta fa? Me za ka ce mata in aka...

YAYA: Sai anjima, Auta.